ROMIYO DA JULIYET A BAGADAZA: WA YA KASHE YARAN NAN?

Jama'a, da an ambaci Romiyo da Juliyet, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne wasu yara biyu da soyayya ta ɗebe su har suka hallaka kansu. Wasu ma kallon da suke yi wa labarin ke nan, wai tatsuniyar Turawa ce mai koya wa 'ya'ya bijire wa iyaye. To amma in ka bi tarihin yadda aka riƙa nuna wasan nan a kan dandamali, shekara ɗari huɗu da 'yan kai, za ka tarar masu shirya shi ba su cika samun saɓani a kan soyayyar ba. Rigimarsu tana kan minti goman ƙarshe ne. Wa za a ɗora wa alhakin gawarwakin da ke kwance? Ƙaddara ce, ko yaran ne, ko iyayensu, ko kuwa wani baƙo ne daga waje?

A cikin waɗanda na taɓa kallo da idona, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wasu 'yan Iraƙi, mai suna Romiyo da Juliyet a Bagadaza, wanda suka kai Ingila a 2012. A kansa nake so in yi sharhi. Sai dai ba za a gane nauyin abin da suka yi ba sai an san abin da na gabansu suka yi. Don haka ku yi haƙuri mu ɗan koma baya.

ASALIN LABARIN

Ba Wiliyam Shekspiya ne ya ƙirƙiro labarin ba. Daga Italiya ya taso. Wajen 1530 wani marubuci mai suna Luigi da Porto ya fitar da shi da sunayen da muka sani yau, ya kuma ajiye shi a birnin Berona. A 1554 Matteo Bandello ya sake rubuta shi, aka fassara zuwa Faransanci, daga nan wani Bature ɗan Ingila, Arthur Brooke, ya mayar da shi doguwar waƙa a 1562. Ita ce Shekspiya ya samu a gabansa lokacin da ya rubuta wasansa wajen 1595, aka fara buga shi a 1597.

Shi Brooke bai ɓoye matsayinsa ba. A gabatarwar littafinsa ya ɗora laifin a kan yaran: sun bi son zuciya, sun ƙi shawarar iyaye, sun yi auren ɓoye, ga kuma sakamakon. Wato dai wa'azi ne ga matasa.

Da Shekspiya ya karɓi labarin sai ya sake masa zama. Abin da ya ɗauki watanni a wurin Brooke ya matse shi cikin kwana huɗu zuwa biyar. Ya rage shekarun Juliyet, ta koma yarinyar da ba ta cika 14 ba. Sannan ya buɗe wasan da faɗan titi tsakanin barorin gidan Montegu da na gidan Kafulet, tun kafin a ga masoyan. Abin lura kuma, tun daga farkon wasan har ƙarshensa babu inda aka faɗi dalilin gabar gidajen nan biyu. Gado ce kawai. An haifi yaran sun tarar da ita.

Ga yadda ya ƙare shi, a taƙaice. Uban Juliyet ya matsa sai ta auri wani basarake mai suna Paris, har ya yi barazanar korarta daga gida, alhali ta riga ta yi auren ɓoye da Romiyo. Limamin cocin da ya ɗaura auren ya ba ta maganin da zai sa a ɗauka ta mutu, ya aika wa Romiyo takarda a garin da aka kore shi zuwa. Takardar ba ta isa ba, domin an killace ɗan aiken saboda zargin annoba. Romiyo ya ji labarin mutuwa, ya dawo ya sha guba a gefenta. Ta farka ta tarar da gawarsa, ta bi shi. Ko kalma ɗaya ba su yi wa juna ba a wurin.

Ƙirga gawarwakin: shida ne. Biyar matasa ne, ta shida uwar Romiyo ce da baƙin ciki ya kashe. Sai a kan gawar 'ya'yansu dattawan biyu suka miƙa wa juna hannu, kowa ya yi alkawarin gina wa ɗan ɗan'uwansa mutum-mutumin zinare. Sarkin garin ma ya amsa nasa laifin, cewa ya daɗe yana kau da kai daga rigimar har ta ci danginsa. Wannan ƙarshe yana da ɗaci, kuma manya yake nuna wa yatsa. Shi ya sa aka daɗe ana neman hanyar kauce masa.

YADDA AKA RIƘA GYARA ƘARSHEN

An rufe gidajen wasan kwaikwayo a Ingila a 1642, lokacin yaƙin basasa, ba a sake buɗe su ba sai 1660. A ranar 1 ga Maris 1662 wani ma'aikacin gwamnati mai suna Samuel Pepys ya je kallon wasan a Landan, ya dawo ya rubuta a littafin da yake ajiye labarin kwanakinsa cewa bai taɓa ganin wasa mai muni kamarsa ba, 'yan wasan ma ba su haddace maganganunsu ba. Ka ji fa yadda sharhi a kan wasan ya soma.

Ba a jima ba wani James Howard ya gyara shi yadda masoyan za su rayu. Har aka riƙa yin sa kashi biyu: yau su mutu, gobe su tsira, kowa ya zaɓi ranar da ta yi masa. A 1679 Thomas Otway ya ɗauke labarin ya mayar da shi tsohuwar Roma, ya kuma sa yarinyar ta farka kafin saurayin ya cika, don su yi bankwana.

Wannan dabarar ce shahararren ɗan wasa David Garrick ya ɗauka a 1748. Ya rubuta wa masoyan doguwar hirar rabuwa a cikin kushewa, ya kuma cire yarinyar da Romiyo ke mutuwar so kafin ya ga Juliyet, don kada a ce yaron mai saurin sauya zuciya ne. Abin ya karɓu ƙwarai. A 1750 manyan gidajen wasa biyu na Landan sun yi dare 12 a jere suna gasar nuna shi, Garrick a ɗaya, Spranger Barry a ɗayan. Kusan shekara ɗari ana kallon gyaran Garrick ana cewa Shekspiya ne, sai a 1845 wata Ba'amurkiya, Charlotte Cushman, ta fito a matsayin Romiyo a Landan, ƙanwarta Susan tana Juliyet, ta koma kan rubutun asali.

Me gyaran Garrick ya haifar? Ya mayar da hankalin mai kallo kan hawayen masoya. Ka yi kuka, ka share ido, ka tafi gida. Tambayar wa ya jawo wannan ta koma baya.

A Tarayyar Sobiyet kuma wani salo aka ɗauka. A 1935 mawaƙi Sergei Prokofiev ya tsara labarin a matsayin wasan rawa, irin wanda ake ba da labari da kiɗa da motsin jiki ba tare da magana ba, ya ƙare shi da masoyan suna raye. Hujjarsa mai sauƙi ce: rayayye ne ke rawa, matacce ba ya yi. Ba a yarda ba, aka dawo da mutuwar. An fara nuna shi a birnin Brno na Chekoslobakiya a 1938, sannan a Leningrad a 1940. Kafin nan, a 1937, gwamnatin Stalin ta harbe Adrian Piotrovsky, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara labarin tare da shi. Ƙarshen farin cikin nan bai hau dandamali ba sai 2008, a Amurka.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 sai iskar ta juya. Masu shiryawa suka daina gudun gabar, suka mayar da ita kan gaba. A 1957 aka fito da West Side Story a Niyok, inda gidajen biyu suka koma gungun samarin unguwa, farare da 'yan asalin Puerto Rico, aka bar yarinyar da rai don ta tsaya a kan gawa ta tuhumi ɓangarorin biyu. A 1986 darakta Michael Bogdanov ya ƙare nasa a Ingila da taron manema labarai: iyayen suna gaisawa a gaban kyamara, ana yaye ƙyallen mutum-mutumin zinare. Ma'ana, sulhun ma na hoto ne. A 1994, shekara guda bayan yarjejeniyar Oslo, Falasɗinawa da Isra'ilawa suka haɗu suka yi shi a birnin Ƙudus, gidan Montegu suna Larabci, gidan Kafulet suna Ibrananci. Kowa dai ya san inda fatan wancan lokaci ya kwana.

WASAN BAGADAZA

To, a wannan layin ne wasan 'yan Iraƙi ya shigo. A 2012, shekarar da Landan ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, an shirya babban bikin wasannin Shekspiya na duniya. A gidan wasa na Globe kaɗai an yi wasanni 37 a harsuna 37. Daga Legas an kai ɗaya da Yarbanci, daga Kenya da Suwahili, daga Sudan ta Kudu da Larabcin Juba. Hausa dai ba ta ciki, duk da cewa marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya daɗe da fassara ɗaya daga cikin wasannin mutumin da sunan Daren Sha Biyu. Wannan zancen wata rana ne.

Su 'yan Iraƙin, ƙarƙashin darakta Munadil Dawud, sun fara nuna nasu a Bagadaza, sannan suka kawo shi gidan wasa na Swan da ke Stratford, garin haihuwar Shekspiya, a ƙarshen Afrilu 2012. A can na kalle shi. Da Larabcin Iraƙi aka yi, fassarar Turanci tana fitowa a allo.

Ku tuna halin da ƙasar ke ciki a lokacin. Amurka ta mamaye ta a 2003. A Fabrairu 2006 aka tarwatsa ƙubbar hubbaren Askari a Samarra, abin da ya buɗe ƙofar kashe-kashe tsakanin 'yan Sunni da 'yan Shi'a. Unguwannin Bagadaza da aka saba zaman cuɗanya da auratayya suka rabu, har aka gina katangun kankare a tsakanin wasunsu. A ranar 31 ga Oktoba 2010 'yan bindiga suka shiga cocin Sayyidatun Najat a Bagadaza ana tsakiyar ibada, mutum 58 suka mutu. Sojojin Amurka sun fice a Disamba 2011, wata huɗu kacal kafin wasan. Wato 'yan wasan nan ba labarin wasu suke bayarwa ba. Ƙarar bindiga da fashewar bam da ke katse wasan, sautin garinsu ne.

Abu uku Dawud ya sauya, kuma kowanne yana da nauyi.

Na farko, ya mayar da Montegu da Kafulet wa da ƙane, uba ɗaya. Abin da suke rigima a kai jirgin ruwan haƙar lu'ulu'u ne da ubansu ya bari: wa zai riƙe akalarsa? Ba sai an faɗa maka jirgin Iraƙi ce ba. Ba a ambaci kalmar Sunni ko Shi'a ba, amma ɗaya yana sanye da hirami ja da fari, ɗayan baƙi da fari, ɗan Iraƙi kuwa da ya gani ya gane. A ganina wannan shi ne mafi ƙarfin abin da ke cikin wasan. Shekspiya ya bar dalilin gabar a rufe. Dawud ya buɗe shi, sai ga shi rikicin gado ne da neman mulki aka sa wa rigar aƙida. Kuma ya tuna mana cewa gabar cikin gida ta fi ta bare zafi, domin kowa ya san makwancin ɗan'uwansa.

Na biyu, Romiyo da Juliyet ba a wurin biki suka fara ganin juna ba. 'Yan'uwa ne, ɗan wa da 'yar ƙane, sun daɗe suna son juna, rigimar iyaye ta raba su shekara tara. Daga 2003 zuwa 2012 ke nan, lissafin ba ɓoyayye ba ne. Wannan ya kawar da sukar da aka saba yi wa labarin, cewa yara ne masu gaggawa da suka haɗu yau suka yi aure gobe. Ga mai kallo irina ma, abin ya fi kama hankali, don auren zumunci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Auren da a da iyaye ne za su ƙulla shi da hannunsu suna murna, shi ne yanzu ya zama laifi. Ba yaran ne suka canza ba ai.

Na uku, kuma nan ne maganar take. Paris, wanda uban Juliyet ke so ya ba shi ita, an mayar da shi baƙon ɗan gwagwarmaya mai tsattsauran ra'ayi, irin waɗanda suka kwarara Iraƙi daga ƙasashen waje bayan 2003. Masoyan suka nemi mafaka a coci, wanda duk ɗan Bagadaza zai tuna da Sayyidatun Najat. Babu maganin barci, babu takardar da ta ɓace, babu guba. Paris ne ya shigo da ɗamarar bam ya tayar, ya tafi da su.

HUKUNCINA

Wallahi ƙarshen yana girgiza mutum. Kuma na fahimci abin da ya sa aka zaɓe shi. A garin da aka yi shekaru ana tsintar gawa a titi, wa zai zauna ya yarda cewa ɓatan takarda ne ya kashe masoya? Ga shi kuma al'umma ce da kashe kai ba abin yabo ba ne a wurinta, Musulminta da Kiristanta. A Bagadaza ta wancan lokaci, mai kashe kansa da gangan kamanni ɗaya aka san shi da su, kuma shi aka ɗora a kan dandamalin. Ta wannan fuskar, Dawud ya faɗi gaskiyar garinsa.

Amma akwai inda ban bi shi ba. Ya shafe wasan yana nuna mana cewa ciwon na cikin gida ne, wa da ƙane ne suka ƙi jituwa, sai da aka zo wurin biyan bashi ya miƙa wuƙar ga baƙo. A rubutun Shekspiya, dattawan biyu suna tsaye a kan gawa ba su da wanda za su nuna wa yatsa. 'Ya'yansu sun gwammace kushewa da gidajen da suka gina musu, kuma wannan tuhuma ce da babu hanyar kauce mata. A wasan Bagadaza kuwa an bar musu ƙofa. Za su iya rungumar juna su ce wani ne ya zo daga waje ya cuce mu. Mai kallo ma zai iya fita yana la'antar ɗan ƙunar baƙin wake, wanda dama kowa na la'anta, ba tare da ya tambayi kansa komai ba. Garrick ya sauƙaƙa wa mai kallo da hawaye. Ina tsoron wannan ma ya sauƙaƙa masa, ta wata hanyar.

Sai dai in za a yi wa wasan adalci, ya bar wani abu ga mai lura. Wa ya shigo da Paris gidan? Wa ya shimfiɗa masa tabarma, har ya yi masa tayin 'yarsa don ya samu ƙarfi a kan ɗan'uwansa? Kafulet ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da a ce an ƙara tsayawa a kan wannan gaɓar, an bar uban ya fuskanci abin da hannunsa ya jawo kafin a kashe fitila, da wasan ya cika. Duk da haka ban yi nadamar kallonsa ba ko kaɗan, kuma har yau ina ganin yana cikin mafi gaskiyar abin da aka yi da labarin nan a zamaninmu.

Abin da ya sa na kawo wannan dogon tarihi a shafin da aka saba zancen al'amuran yau da kullum shi ne, salon nan na ƙarshe mun san shi. Duk sanda rikici ya ɓarke tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya suna auratayya, bayanin farko da ake ji daga manya shi ne baƙi ne, hannun waje ne, ba 'yan garin nan ba ne. Wani lokaci gaskiya ne, kamar yadda yake gaskiya a Iraƙi. Amma ba a cika tambayar wa ya ba baƙon masauki ba, ko wace tsohuwar rigimar fili ko sarauta ko gado ce ta sa aka neme shi. Daga nan sai a kira taron sulhu, a gaisa a gaban kyamara, irin dai na Bogdanov. Waɗanda aka binne kuwa, in ka duba, yawancinsu matasa ne da aka haifa suka tarar da gabar, ba su ma san mafarinta ba.

Mu da muka tashi da labarin Laila da Majnun da finafinan Indiya da littattafan soyayya, mun saba ɗaukar irin wannan labari a matsayin abin tausayi kawai, ko kuma gargaɗi ga yara. Ni shawarata ga duk wanda ya samu damar kallon Romiyo da Juliyet a kan dandamali, ko ɗalibai ne suka shirya shi a makaranta, ya sa ido a kan abu uku. Shin an nuna faɗan farko da gaske, ko an mayar da shi abin dariya? Shin an bar wa uban Juliyet zafin fushinsa a ranar da ta ƙi zaɓinsa, ko an tausasa shi? Sannan bayan masoyan sun mutu, an rufe labule nan take, ko an bar dattawan da sarkin garin sun fito sun tsaya a gaban jama'a? Da yawa suna yanke wannan yanki na ƙarshe, wai don ya yi tsawo. A nan kuwa Shekspiya ya ajiye hukuncinsa.

Masu wasan daɓe na ƙasar Hausa, in wata rana kun ɗauki labarin nan, don Allah kada ku yanke shi.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba manyanmu ikon kashe wuta tun tana ƙarama.